Na Raka Surukata Kwatano

Tun ranar da muka sauka daga mota ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a wurin gaisuwar rasuwa, har mai shigowa da kwalba sayen man gyaɗa, maganar ɗaya ce: “Inna Habsu, yaya Kwatano? Da gaske kin shiga jirgin ruwa?” Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ta ɗauki nata ta ƙara masa gishiri. Har na ji ana cewa wai a sume aka ɗauke ni aka saka cikin jirgin. To, ku gyara zama, ga yadda aka yi.

Ga wadda ba ta sani ba, Fassuma matar ɗana Sani ce. Ita ce a ɗakin awon jini na asibitinmu na Belbeji, wanda suke ce wa labo. Shekara shida tana wani karatu mai suna daktora, wanda aka ce babu na sama da shi a fanninsu. Makarantar tana Kwatano, a ƙasar Benin. Takan je ta yi wata biyu ko uku ta dawo bakin aiki. In ta dawo ma ba zama take ba. Ranar hutu sai ta ɗauki akwatin ƙanƙara, ta hau bayan moto mai ƙafa biyu ta shiga rugage, can wajen Tarka da Tenhya, tana ɗibar jinin masu zazzaɓi. Abin da take bi shi ne wani zazzaɓi da ke kama mutane ta madarar da ba a dafa ba. Sai a yi ta ba su maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi, don ba shi ba ne.

Ba zan ɓoye muku ba, ban so karatun nan ba. Na taɓa ce wa Sani a gaban ƙannensa, mace mai ƴaƴa uku tana yawon ruga da kwalaben jini, wannan wane irin zaman aure ne. Maganar ta isa kunnenta, ba ta taɓa tanka mini ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa, shi ke nan tsakaninmu.

Sai ga shi an sa mata ranar da za ta tsaya gaban manyan malamai ta kare aikinta, abin da suke kira sutanans. Aka kuma shaida mata wa'adinta ya cika, in wannan rana ta wuce sai dai ta haƙura da karatun. Ga autanta Abba, wata bakwai, bai san komai ba sai nono. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Sani kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, lokacin jarrabawar yara, ba halin ya motsa. Ya zo ya zauna bakin tabarmata yana ta kewaye-kewaye.

“Faɗi abin da ya kawo ka,” na ce.

“Inna, mai riƙe Abba ne babu.”

“Ni da ban taɓa wuce Damagaram ba?”

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin moto. Na yarda, amma ba don ita ba. Abba sunan marigayi mai gidana ne da shi, ba zan bari a miƙa shi hannun baƙi a ƙasar da ban sani ba.

Na haɗa garin gero da kuka da daddawa da kilishi, na kuma sa aka nemo mini cuku mai kyau, busasshen nonon nan fari fat, daga wurin wata Buzuwa da na sani. Motar kasuwa ta kai mu Damagaram. A tasha, muna gyaran kaya kafin a ɗora su a kar, babbar motar fasinja, Fassuma ta ci karo da ƙunshin.

“Inna, wannan fa?”

“Tsarabar malamarki ce. Ba a zuwa wurin manya hannu biyu.”

Sai ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ran nan na fara ganin dariyarta a gabana.

“Inna, ki gafarce ni. Littafin karatun nan nawa gaba ɗaya a kan cutar ɗanyar madara na rubuta shi. In na kai mata cuku, kora ta za ta yi.”

“Shekara nawa ina ci, me ya same ni?”

“Allah ne ya tsare ki, Inna. Mu kai mata kilishin.”

Na ce to, zan bayar da shi a hanya. Ban bayar ba. Na tura shi ƙasan jaka, in ta yi gyangyaɗi in ɓalli kaɗan in jefa baki.

Maraɗi, Kwanni, Dogon Dutsi, ni dai ina jin sunaye ana kira. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga sai da na taka bayansa. Muka kwana a tashar Dosso, da safe muka kama hanyar Gaya.

Tun da aka rufe gadar kogin da ke kan iyaka, ta ruwa ake ƙetarewa. Fassuma ta gaya mini tun a gida, amma ji daban, gani daban. Ni da na girma inda sai an zura igiya gaba arba'in kafin guga ya taɓa ruwa, sai ga ruwa kwance a fili yana tafiya da kansa, mutanen da ke wancan gefe ƙanana kamar awaki. Ga jiragen katako dogaye, ana loda musu buhuna da motoci masu ƙafa biyu da raguna. Na zauna a kan jakata na ce daga nan ba inda za ni.

Mai jirgin ya yi dariya ya ce, “Iya, yanzu ai ruwa ya janye. Ki zo bayan damina ki gani.”

Fassuma ba ta roƙe ni ba. Ta naɗe littattafanta cikin leda har hawa uku, ta ɗaure ordinatarta, wato kwamfuta, a ƙirji da zane, Abba a baya. Ta tsuguna kusa da ni.

“Inna, in ba za ki iya ba mu koma. Ba komai.”

Na dubi fuskarta. Leɓɓanta sun bushe, kuma na ga da gaske take, in na ce mu juya, juyawa za ta yi. Muna haka sai wata mai fataucin albasa, jibgegiyar mace, ta tsaya kaina.

“Ke tsohuwa, kina tsare mana jirgi. Rufe idonki ki kama zanena.”

Na kama. Da ƙafata na shiga, duk wadda ta ce ɗauka ta aka yi ta ji tsoron Allah. Na karanta duk surorin da na sani, da suka ƙare na sake daga farko. Ruwa na shigowa yana taɓa mini ƙafa, wani yana kwashewa da gwangwani yana hirarsa kamar ba komai. Da muka isa na yi saurin dirowa, sai laka ta riƙe mini takalmi ɗaya. Aka laluba aka rasa. Da takalmi ɗaya na shiga ƙasar Benin.

A wurin duba takardu wani jandarma ya ce a buɗe akwati. Ya ga littattafai shida, masu kauri, duk iri ɗaya.

“Na sayarwa ne?” ya tambaya, da Hausarsa mai ɗan karkata.

Fassuma ta yi masa bayani. Da ya ji awon jini take yi sai ya waiga hagu da dama, ya zaro wata takarda da ta sha ninki daga aljihun rigarsa. Awon matarsa ne, tana da ciki, an miƙo masa takardar ba wanda ya gaya masa abin da ke ciki. Suka koma gindin bishiya, tana nuna masa da yatsa layi-layi. Ta ce jinin matar ya yi ƙasa sosai, kada ya jira ranar awo, ya mayar da ita asibiti a yau. Shi da kansa ya rufe akwatin. Da ya ga ƙafata kuma ya sa aka kawo mini silifa. Ina tsaye ina kallon mai kaki ya sunkuyar da kai yana ce wa surukata, “To, madam. To, madam.”

Daga nan kullum ƙasa sai ƙara duhu take da itatuwa, ba inda ido zai miƙe. Gero ya ɓace, sai doya da rogo. Muka shiga Kwatano ana ruwan sama.

Garin nan ƴan kabu-kabu sun fi mutane yawa, duk da rigunansu ruwan ɗorawa, kuma mata ma tuƙa moto suke da goyo a baya. Iskarsu jiƙaƙƙiya ce. In ka shanya zane da safe, har la'asar yana nan yadda ka bar shi. Kilishina da ke ƙaras-ƙaras ya yi laushi kamar ganye.

Mun sauka a unguwar Zongo, gidan Hajiya Balki, inda Fassuma ta saba sauka. A can aka haifi Hajiyar, kakanta ne ya zo da fataucin shanu ya zauna. Tana jin Faransanci da yaren garin, Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, da ni da Abba duk “shi” take ce mana. Ran farko ta kawo mana wani farin tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, da miyar kuɓewa. Na sa hannu sai na ji abu mai ƙaya. Na ɗago, ƙaguwa ce sukutum da ƙafafunta.

“Ci mana, shi ne daɗin miyan,” in ji Hajiya.

Na ce na gode, na dama garin gerona na sha. Ɗaki ɗaya aka ba mu, kwano ɗaya. Shekara goma sha ɗaya da auren Fassuma ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma haka. Kwana biyu muna juya wa juna baya, a na uku yunwa ta raba mu da wannan.

Mako biyu muka yi kafin ranar. Kullum ta ba Abba nono ta fita makaranta, ta dawo da azahar ta sake ba shi ta koma. Wata Lahadi Hajiya ta kai ni bakin teku. Na ɗanɗana na tofar. Ruwa iya ganinka, amma ba zai shayar da ko akuya ɗaya ba.

Saura kwana uku sutanans na tashi da ciwon kai, gaɓoɓina kamar an daka. Da hantsi sanyi ya rufe ni, ana zufa ni ina rawar ɗari. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne cukun nan. Na ce shi ke nan, cutar da yarinyar nan ta yi shekara shida tana yi wa mutane gargaɗi a kanta, ita ce ta kama uwar mijinta a ɓoye. Kunya ta hana ni faɗa. Da ta dawo da azahar na ce gajiya ce. Washegari ma na daure na goya Abba, sai dai yaron ya ƙi zama, yana ta banƙarewa yana kuka. Fassuma ta riga ta sa takalmi za ta fita, ranar ce za ta yi gwajin ƙarshe gaban malamarta. Ta dawo ta kwance shi daga bayana, sai ta tsaya cak.

“Inna, bayanki kamar garwashi. Tun yaushe?”

“Jiya.”

“Jiya!”

Ta miƙa wa Hajiya yaron, ta tsayar da kabu-kabu biyu. Ina ce mata ta tafi wurin malamarta, ko saurare na ba ta yi ba. A labon makarantarsu ta zaunar da ni, ta sa farar riga da safar hannu, ta kama yatsata. A nan na kasa riƙewa.

“Fassuma, cukun nan ban bayar ba. Ni na cinye shi.”

“Na sani, Inna. Ina jin ƙamshinsa tun daga Maraɗi.”

Ta huda yatsar, ta shafa jinin a kan ɗan gilashi, ta bar shi ya bushe, ta zuba masa wani ruwa shuɗi. Da lokaci ya yi ta sa shi ƙarƙashin madubin awo, ta daɗe tana leƙe tana murɗa wani abu a hankali.

“Ba cuku ba ne. Sauro ne. Zo ki gani.”

Na sa ido ban ga komai ba sai haske. Ta ce in rufe ɗaya. Sai ga su, ƴan ƙananan zobba, kowane da ɗigo a gefe, birjik. Wai duk a jikina suke. Na ɗago na dube ta, na sake leƙawa. Ashe abin da take yi ke nan a ɗakin nan da nake wucewa kullum.

Ta rubuta sakamakon a takarda ta kai wurin likita, aka kwantar da ni, aka sa mini allura a bayan hannu. Likitan ya ce da mun ƙara kwana ɗaya da labarin ya canza. Can sai ga wata gajeriyar mace da furfura, gashi a aske, ba ɗankwali, tana tafe tana faɗa da Faransanci. Malamar ce, ta gaji da jira ta biyo sawu. Fassuma ta tsaya kai a ƙasa. Ni ce na jawo mata, ga shi ba bakin da zan ba da haƙuri. Da matar ta gama sai ta juyo ta gan ni, ta karɓi takardar awon ta duba. Ta ja kujera ta zauna bakin gadona, ta ce Fassuma ta fara. A nan aka yi gwajin, ina kwance ruwa na shiga jijiyata, surukata na tsaye tana yi wa bango bayani, malamar na tsayar da ita tana gyara mata.

Ranar sutanans aka ce in zauna gida. Na ce ban ƙetare kogi don in kwanta ba. Na sa atamfata, allurar tana nan manne a hannuna, Hajiya ta riƙe ni muka tafi.

Malamai biyar ne a kan dogon tebur, cikin manyan riguna baƙi da ja kamar alƙalai. Fassuma ita kaɗai a tsaye gabansu. Ta yi magana mai tsawo, hotuna na fitowa a bango. Ban ji ko kalma ɗaya ba, sai da na ga wata rijiya da shanu kewaye da ita.

“Hajiya, rijiyar hanyar Tarka ce! Na san ta!”

“Yi shiru,” in ji Hajiya.

Daga nan suka fara tambaya. Mu a nan in baƙo ya zo da aikinsa, sai an yaba masa kafin a nuna masa kuskure. Su ma suna yabon, amma gajere ne, sai su buɗe littafin su yi ta tonawa shafi-shafi. Wani tsoho mai gilashi, wanda aka ce daga wata ƙasa ya zo musamman kuma da yamma zai koma, ya fi kowa tsanani. Hajiya na raɗa mini: yana tambayar yadda ta tabbata jinin bai lalace da zafi ba tun daga ruga zuwa gari. Fassuma ta amsa, ya sake tambaya. Ta amsa, ya girgiza kai. Na ga ta ɗauki ruwa ta kurɓa.

Daidai nan Abba ya farka ya tsala ihu. Lokacin nononsa ya wuce. Na jijjiga, Hajiya ta jijjiga, ina. Kowa ya waigo. Na yunƙura in fita da shi, jiri ya mayar da ni kujera. Tsohon ya cire gilashinsa ya yi tambaya, Fassuma ta amsa murya ƙasa-ƙasa. Na ce yau mun kashe ta, ni da jikana.

“Me ya ce?” na tambayi Hajiya.

“Ya ce ɗan wa ne. Ya ce a tsaya, uwa ya ba ɗansa nono, tambaya ba ya gudu.”

A bayan ƙofa ta zauna a kan benci ta ba shi. Na sa gefen gyalena na share mata zufar goshi. Da ta koma ciki muryarta ta daidaita. Ta buɗe wani shafi can ƙarshen littafin, inda ta rubuta sanyin akwatinta a kowace tafiya, ta kai wa tsohon har gabansa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe littafin.

Aka fitar da mu duka, malaman suka rufe ƙofa. Da aka sake kiranmu kowa ya tsaya da ƙafarsa, tsohon ya karanta wata takarda. Sai na ga Fassuma ta rufe fuska tana kuka. Na kama hannun Hajiya.

“Ta faɗi?”

“Ya ci!” in ji Hajiya. “Ya ci da yabo!”

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Muryar mai jinya ce, a tsakiya ta karye, amma ta fita. Malaman suka yi dariya, aka kawo irin rigarsu aka sa wa Fassuma, malamarta ta rungume ta. Ni kuwa na zauna ina ta alhamdu lillahi.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Kogin ma ido buɗe na ƙetare shi, takalmana a hannu. Wajen Kwanni, Abba na barci a cinyata, na ce mata, “Fassuma, maganganun da na yi a kan karatun nan, ki yafe mini.” Ta ce, “Haba Inna, wallahi ba komai,” ta juya tana kallon taga. Muka bar maganar a nan.

Masu tambaya ko yanzu za a ɗauke ta a kai ta Yamai, ban sani ba. Abin da na sani, kwana biyu da saukarmu ta koma ɗakinta na awo da farar rigarta ta da. Likitan Kwatano ya ce in an kwana biyu a sake duba jinina, don haka ran Litinin na je. Na tarar da layi, Fulani da Buzaye da mutanen gari. Matan suka ce, “Inna Habsu, shiga mana, ba surukarki ba ce?” Na ce a'a, na zauna a benci har aka zo kaina.

Ta huda yatsar, na fita na jira. Da ta kira ni tana kan madubin, ta daɗe tana murɗawa.

“Babu ko ɗaya, Inna. Sun tafi.”

Na sauke ajiyar zuciya na tashi. Ina so in ƙara wata magana, amma ta riga ta cire gilashin jinina daga madubin ta ɗora wani. Ko kafin in kai ƙofa na ji ta ɗaga murya tana kiran wata Bafulatana da ke riƙe da yaro, sai na matsa gefe na ba su hanya.